Ƙirga haƙora kafin ka canza pinyo: jagora kan yadda jerin pinyo ke kai juyi da sauya gudu

Duk wanda ya taɓa zama a bencin wani garaji a Damagaram, ko a Zango ne ko a Sabon Gari, ya san irin buƙatun da masu kabu-kabu suke zuwa da su. Wani zai ce a sa masa pinyon da zai ƙara wa motonsa gudu a kan kwaltar Mirya, wani ya ce shi wanda zai ja buhu biyu na gero a cikin rairayi yake so, na uku kuma ya ce a haɗa masa duka biyun. Na farko da na biyu ana iya biya musu buƙata cikin rabin awa, amma na ukun ko ya kwana a garajin ba zai samu ba, domin taura biyu ba ta taunuwa. Pinyo ba ya ƙirƙirar ƙarfi, musaya kawai yake yi: ya karɓi gudu ya ba da ƙarfin murɗawa, ko ya karɓi ƙarfin murɗawa ya ba da gudu, kuma farashin wannan musayar a rubuce yake a jikin ƙarfen, wato a yawan haƙoransa. Wanda ya iya ƙirga haƙora ya yi ɗan lissafi zai san abin da inji zai yi tun kafin ya ɗaure kusa ko ɗaya.

A nan wajenmu faifan ƙarfe mai haƙora ana kiran sa pinyo, kalmar da muka aro daga Faransanci, ƴan'uwanmu na Kano da Daura kuma giya suke cewa. A wannan rubutu zan riƙa cewa pinyo idan ina nufin faifan shi kansa, giya kuma idan ina nufin matakan gudu na mota ko moto.

Fara da sanin mai ja da mai bi

Idan ka buɗe murfin inji ka tarar da pinyo uku ko huɗu suna cizon juna, kada ka fara da ƙirga. Ka fara da neman inda juyi yake shigowa da inda yake fita. Pinyon da ke manne da sandar moter, ko da hannun da mutum yake juyawa, shi ne mai ja. Wanda yake karɓar turi daga gare shi kuma shi ne mai bi. Ka ɗauki takarda ka zana su a jere kamar yadda suke, ka sa kibiya daga mai ja zuwa mai bi, sannan ka lura da abu guda wanda masu koyo suka fi tsallakewa: waɗanne pinyo ne haƙoransu ke cizon juna, waɗanne ne kuma suke zaune a kan sanda ɗaya ba tare da haƙoransu sun taɓa juna ba. Wannan bambanci shi ne zai raba maka lissafi gida biyu nan gaba.

Kafin hannu ya shiga ciki, a cire wuta daga soket, a kashe inji, a jira ya tsaya cik.

Mataki na biyu shi ne ƙirgar kanta. A wanke pinyon da gazuwal a cikin yankakkiyar jarka, domin giris da ƙurar hunturu suna cike tsakanin haƙora har biyu su zama kamar ɗaya a ido. A shafa alli a kan haƙori guda, a ɗora farce a kansa a ce ɗaya, a bi da'irar har a dawo kan allin, sannan a maimaita ta ɗaya ɓarayin. Na ga maigida yana sa yaron garajinsa ya ƙirga pinyon baya na moto har sau uku, yaron ya ce arba'in da ɗaya, ya sake ya ce arba'in da biyu, maigidan ya ce masa: "Ƙane, haƙorin da ka sa wa alli sau biyu kake ƙirga shi, da shi ka fara kuma da shi ka ƙare." Kuskuren da ya fi yawa ke nan. Wasu pinyo, musamman na moto, an buga adadin haƙoransu a gefe, amma idan tsatsa ta ci lambar, farce da alli sun fi amana.

Lambar rabo da abin da take faɗa

Mataki na uku lissafi ne mai sauƙi: a raba haƙoran mai bi da haƙoran mai ja. Abin da ya fito shi zan riƙa kira lambar rabo. A ce mai ja yana da haƙora 20, mai bi yana da 60. Sittin a raba da ashirin ya ba da 3. Dalilin da ya sa wannan lissafi ba ya ƙarya shi ne cewa kowane haƙorin mai ja haƙori ɗaya tak yake turawa, ba ya tsallake ko guda kuma ba ya zamewa. Idan ƙaramin ya yi zagaye ɗaya, haƙora 20 ya tura, alhali babban yana buƙatar a tura masa 60 kafin ya cika zagaye. Dole ke nan ƙaramin ya zagaya sau uku kafin babban ya zagaya sau ɗaya. Gudu ya koma kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin murɗawa kuma ya ninka sau uku, saboda turin da ke kan haƙori ɗaya ne a ɓangarorin biyu, amma a kan babban pinyo turin yana faɗawa nesa da tsakiya, kamar yadda kusar da ta ƙi kwancewa take sallamawa idan aka zura wa kile dogon bututu.

Idan lambar rabo ta haura 1, an rage gudu an ƙara ƙarfi. Idan ta gaza 1, an ƙara gudu an rage ƙarfi. Keke misali ne na biyun: babban faranti na wajen feda mai haƙora 44 shi ne mai ja, ƙaramin na baya mai 18 shi ne mai bi, lambar rabo ta zama kusan 0.41, ma'ana duk zagayen ƙafa ɗaya tayar baya tana yin zagaye biyu da kusan rabi. Taya mai inci 28 tana cin ƙasa kimanin mita 2.2 a zagaye guda, don haka taka feda sau ɗaya yana kai mai keke kusan mita 5 da rabi. Shi ya sa keken yake daɗi a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da an fara hawan tudu a wajen duwatsun Birni sai gwiwa ta gaya wa mutum farashin.

Sarƙa, wadda makanikai ke kira shen, ba ta canza wannan lissafi ko kaɗan, haƙoran gaba da na baya kawai ake dubawa. Kurwa, wato bel ɗin roba, da puli, faifan da take ratayuwa a kai, ma haka ne, sai dai tunda puli ba shi da haƙora, faɗinsa ake aunawa: moter mai zagaye 1450 a minti da ke ɗauke da puli na santimita 10, idan ya ja puli na santimita 30, sandar ta biyu za ta yi kimanin zagaye 483. Bambancin shi ne kurwa tana zamewa idan kaya ya yi nauyi, pinyo kuwa ba ya zamewa, sai dai ya karye.

Yanzu a koma kan mai kabu-kabu. A ce motonsa tana da 14 a gaba da 42 a baya, lambar rabo 3. Idan aka sa masa 15 a gaba, ta koma 2.8: a daidai juyin inji iri ɗaya zai ƙara gudu da kimanin kashi 7 cikin ɗari, ya kuma rasa kusan hakan a ƙarfin ja. Idan kuwa aka bar 14 aka sa 45 a baya, ta zama 3.2, moton ta fi tashi da kaya amma injin zai riƙa kuka da wuri a doguwar hanya. Abin lura shi ne haƙori ɗaya a gaba yana yin aikin haƙora uku a baya, saboda haka wanda ya ce a ƙara masa biyu a gaba lokaci guda bai san girman abin da ya roƙa ba. A ra'ayina, mai ɗaukar fasinja da kaya a cikin unguwanni masu rairayi ya fi cin riba da ƙarfin ja, domin moton da aka rage wa lambar rabo tana tilasta wa mai ita ya riƙa ƙona ambireyaji, wato kuloci, a kowane tashi, kuma kuɗin da ya yi tsammanin ya rage a esansi a can zai mayar da shi.

Alkibla da ɗan aike

Pinyo biyu da ke cizon juna ta waje ba sa juyawa ɓangare ɗaya: idan wannan ya bi hannun agogo, wancan zai saɓa masa. Idan ana so sandar ƙarshe ta bi alkiblar ta farko, sai a sa na uku a tsakani, wanda nake kira ɗan aike, domin saƙo yake kaiwa ba ya ƙari ba ya ragi. A ce jerin ya zama 20, sannan 35, sannan 60. Ashirin zuwa talatin da biyar ya ba da 1.75, talatin da biyar zuwa sittin ya ba da kusan 1.714, idan aka ninka su sai 3 ta dawo daidai kamar babu shi. Ko haƙoransa 35 ne ko 80, amsar ba ta motsi. Aikinsa biyu ne kawai, ya juya alkibla kuma ya cike tazara idan sandunan sun yi nisa. Giyar baya ta mota da wannan dabarar take aiki, ɗan aike ne ake turawa ya shiga tsakani. Hanyar tunawa kuwa ita ce a ƙirga wuraren cizo: idan adadinsu mara ne, an juya alkibla, idan cika ne, tana nan yadda ta shigo. Sarƙa da kurwar da ba a harɗe ba su ba sa juya alkibla.

Inda ainihin dabarar take: pinyo biyu a kan sanda ɗaya

Nan ne ya kamata mai karatu ya dakata sosai, domin duk injin da ke rage gudu da yawa a cikin ƙaramin akwati da wannan yake yi. Bari in ɗauki aikin da mai walda zai iya karɓa a kowane lokaci a garin nan: ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli suna son injin da zai riƙa juya tunkuza a hankali don mai ya fito, kimanin zagaye 60 a minti, da moter na wutar lantarki.

Da farko a karanta farantin da ke jikin moter, inda aka rubuta ƙarfinsa da kilowat da kuma zagayensa a minti. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka moter na yau da kullum ko dai ya yi kusan zagaye 2900, ko kusan 1450, gwargwadon yadda aka naɗa shi. Wanda aka ƙera don wutar Amurka mai kaɗawa sau 60, aka rubuta masa 1750, idan ya zo nan kusan 1450 zai yi, don haka kada a ɗauki lambar farantinsa a yi lissafi da ita kai tsaye. A ce namu mai kilowat 1.5 ne da zagaye 1450. A raba 1450 da 60, lambar rabon da ake nema ta fito kusan 24.

Wanda bai sani ba zai ce a sa ƙaramin pinyo mai haƙora 20 ya ja babba mai 480. A takarda daidai ne, amma pinyo mai haƙora 480 masu girman da zai ɗauki wannan aiki faɗinsa zai kusa mita ɗaya da rabi, ba mai yanka maka shi, kuma ko an yanka ba ɗakin da zai zauna. Rage haƙoran ƙaramin ma yana da iyaka, domin a irin yankan da aka fi yi yanzu, idan haƙora suka gaza 17 gindin kowane haƙori yana shiga ciki ya yi rauni, sai an yi masa yanka na musamman.

Mafita ita ce a kasa aikin hawa biyu. A hawa na farko, mai 20 na kan moter ya ja mai 100, rabo 5, sandar tsakiya ta yi zagaye 290. A kan wannan sandar tsakiyar, kusa da mai 100, a ɗaura wani ƙarami mai 20. Tunda sanda ɗaya ta ɗauke su, shi ma zagaye 290 yake yi, ba ruwansa da girman maƙwabcinsa. Shi kuma ya ja mai 96, rabo 4.8, sandar ƙarshe ta yi zagaye 60 da ɗan ɗigo. Rabon hawa-hawa ninka shi ake yi, ba tarawa ba: 5 sau 4.8 ya ba da 24. Pinyo huɗu da suka shige akwatin da mutum ɗaya zai ɗauka sun yi aikin da ƙaton faifai mai haƙora 480 zai yi. Ga mai son gajeriyar hanya: a ninka haƙoran dukan masu bi, a ninka haƙoran dukan masu ja, a raba na farko da na biyu, 100 sau 96 ya ba da 9600, 20 sau 20 ya ba da 400, amsa 24.

Bambancin wannan da ɗan aike a fili yake idan an duba da kyau. Ɗan aike faifai ɗaya ne, da haƙoran da ya karɓa da su yake bayarwa, shi ya sa yake ɓacewa a lissafi. A nan kuwa sandar tsakiya ta karɓa da babban faifai ta bayar da ƙarami, kuma a wannan canjin hannun ne ribar take. Agogon bango mai hannaye yana ɗauke da irin wannan a bayan fuskarsa, domin dole hannun minti ya zagaya sau 12 kafin na awa ya zagaya sau ɗaya. Ana iya samun hakan da 10 ya ja 30, sannan 8 ya ja 32, wato 3 sau 4, kuma da yake jimlar kowane hawa 40 ce, hannayen biyu suna iya zama a kan cibiya ɗaya.

Sai lissafin ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da niyuton-mita. A ninka kilowat da 9550, a raba da zagaye a minti. Moter ɗinmu ya ba da kusan 9.9. A sandar tsakiya ya zama kusan 49, a ta ƙarshe kusan 237 idan babu asara. Asara kuwa akwai: pinyo masu miƙaƙƙun haƙora da aka yanka da kyau suka kuma sha mai suna zubar da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a kowane cizo, rulma, wato zoben ƙwallayen da sanda ke juyawa a ciki, ma ta ci nata, duk ya zama zafi, don haka a sa rai da abin da bai wuce 220 da ɗoriya ba. Amfanin wannan lissafi ba ado ba ne. Yana gaya wa mai ƙira cewa sandar ƙarshe ita ce ke shan wahala, ita ke buƙatar kauri, da manyan haƙora, da makulli mai ƙwari tsakanin sanda da pinyo. Injinan gida da yawa da na gani sun lalace ne a nan, an yi sandar moter da ta ƙarshe kauri ɗaya, ta ƙarshen ta murɗe kamar igiya.

Mota ma jeri ce mai hawa-hawa. A ce giya ta farko tana da rabo 3.5, pon na baya, wato akwatin pinyon da ke raba juyi ga tayoyi, kuma 4, jimla 14. Idan inji yana zagaye 2000 a minti, taya za ta yi kusan 143, kuma idan tayar tana cin mita 2 a zagaye, gudun ya zama kimanin kilomita 17 a awa. A giyar da rabonta yake 1, pon kaɗai ya rage: taya ta yi zagaye 500, gudun ya kai kilomita 60. Motocin da ke shiga rairayin arewacin Gure suna da wani ƙaramin akwati na uku da ke sake ninka rabon kusan sau biyu ko fiye, shi ya sa za ka ga motar tana rarrafe amma ba abin da ke tsayar da ita.

Ba kowane haƙori ke cizon kowane haƙori ba

Mataki na gaba shi ne sayen pinyon, kuma a nan na taɓa ƙonewa. Ƙaramin pinyo na wani inji da nake gyara ya karye, na ƙirga haƙoransa 20, na je wurin wani mai sayar da tsofaffin kayan inji na zaɓi mai 20, ramin tsakiyarsa ma ya yi daidai da sandata. Da na ɗaura sai ya ƙi tafiya, yana cijewa yana ƙara kamar ana tauna tsakuwa. Yawan haƙora ya yi daidai, girmansu ne ya saɓa.

Girman haƙori yana da suna, modul, kuma pinyo biyu ba za su yi aiki tare ba sai modul ɗinsu ɗaya ne. Auna shi ba wuya ga pinyo mai miƙaƙƙun haƙora: a ɗauki ma'aunin nan mai baki biyu da ake kira piye-a-kulis, a auna faɗin pinyon daga kan haƙori zuwa kan haƙorin da ke fuskantarsa da milimita, a raba da yawan haƙora da aka ƙara wa biyu. Nawa na asali faɗinsa milimita 66 ne, a raba da 22 ya ba da modul 3. Wanda na sayo 55 ne, a raba da 22 ya ba da 2.5. Da na auna a gaban mai shagon da ban yi asarar kuɗi da yini guda ba. Modul ɗin da aka fi samu su ne 1, 1.5, 2, 2.5, 3, 4 da 5. Idan lissafi ya ba ka lamba mara kan gado, ko dai kan haƙoran ya cinye, ko pinyon na ma'aunin inci ne irin na injinan Amurka, wanda ba ya jituwa da na milimita. Pinyo masu karkatattun haƙora, irin na cikin akwatin giyar mota, suna da ƙarin sharaɗi, domin kusurwar karkatar dole ta zama ɗaya, kuma a kan sanduna masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ɗaya ya karkata dama ɗaya hagu. Gara a saye su bibbiyu daga inji ɗaya.

Siffar haƙorin ma ba a banza take ba. Tsohuwar na'urar tagulla ta lissafin taurari da aka tsamo a 1901 daga wani jirgin ruwa da ya nutse kusa da tsibirin Antikitera na ƙasar Girka, wadda ta haura shekara dubu biyu kuma pinyo 30 nata suka tsira, haƙoranta masu kusurwa uku ne kamar na zarto, kuma sun wadatar tunda da hannu ake juya ta a hankali. Al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na injina a 1206, ya zana injinan ɗaga ruwa masu ƙafafun haƙora. Amma inji mai gudu yana buƙatar haƙori mai ɗan tudu a gefe wanda zai sa mai bi ya riƙa juyawa sumul ba fizga, kuma lissafin wannan lanƙwasa da ake amfani da ita yau yana komawa ga aikin masanin lissafi Leonhard Euler a ƙarni na 18. Wannan ne dalilin da ya sa haƙorin da aka cike da walda aka goge da zarto da ido ba ya daɗewa: yana iya kai inji ƙarshen mako, amma yana cin abokin cizonsa.

Wata ƙaramar dabara ga mai zaɓen lambobi: 20 da 100 suna rabuwa da juna daidai, saboda haka kowane haƙorin ƙaramin da haƙora biyar ɗin nan dai na babban zai riƙa haɗuwa har abada, idan ɗaya yana da aibi nan zai yi ta sassaƙa. Idan aka sa 101 maimakon 100, kowane haƙori zai gaisa da kowane, cin ya bazu daidai, gudun kuma bai canza da abin a zo a gani ba.

Sauran dangin, a gurguje

Idan ana so juyi ya karya kwana, pinyo masu siffar mazurari ake sawa, irin na kan injin yankan ƙarfe na hannu da na cikin pon. Lissafinsu duk ɗaya ne. Akwai kuma sanda mai zare kamar na sukuru da ke tura faifai mai haƙora, irin na moter ɗin goge gilashin mota: idan zaren ɗaya ne, kowane zagayen sanda haƙori ɗaya yake turawa, don haka faifai mai 40 ya ba da rabo 40 a hawa guda. Yana da amfani a abin ɗaga kaya saboda sau da yawa kayan ba ya iya mayar da shi baya, amma gogayyarsa tana da yawa, yana zafi, kuma asararsa na iya kaiwa kashi 30 cikin ɗari ko fiye. Na ƙarshe shi ne mai cibiya da ƙanana masu kewaya ta a cikin zobe mai haƙoran ciki, wanda ke cikin na'urar huda ta batir. Idan zoben a tsaye yake, a raba haƙoran zobe da na cibiya a ƙara 1.

Ɗaurawa da gwaji

Tazarar da ke tsakanin cibiyoyin sanduna biyu ba a yin ta da ido. A tara haƙoran pinyon biyu, a ninka da modul, a raba biyu. Hawanmu na farko, 20 da 100 a modul 3, ya ba da milimita 180. Na biyu, 20 da 96 a modul 4 tunda shi ke ɗaukar nauyi, ya ba da 232. A zana waɗannan a kan farantin ƙarfe kafin a huda, kuma a tabbata sandunan suna tafiya daidai da juna daga farko har ƙarshe, domin idan ɗaya ta ɗan karkace gefe guda na haƙori ne zai ɗauki dukan kayan.

Dole a bar ɗan wasa tsakanin haƙora, saboda ƙarfe yana kumbura da zafi, mai kuma yana neman wurin zama. Gwajin garaji shi ne a yanko siririyar takardar littafin makaranta a zura ta tsakanin haƙora a juya da hannu: idan ta fito da lanƙwasa-lanƙwasa ba ta yage ba, wasan ya yi, idan ta tsattsage, an matse da yawa, idan ta fito kusan a miƙe, an saki da yawa. Bayan haka a shafa ɗan shuɗi ko jan fenti mara bushewa a haƙora huɗu ko biyar, a juya, a duba tabon da ya bari a kan abokin. Tabon ya kamata ya kwanta a tsakiyar haƙori ya bi tsawonsa. Idan ya taru a baki ɗaya, a gyara zaman rulma kafin a ci gaba.

Mai kuma ya danganta da gidan. Rufaffen akwati yana son man giya mai kauri irin mai lamba 90, a zuba har ƙasan babban pinyo ya nutse, ba a cika shi fal ba, don cikawa tana kawo kumfa da zafi. Pinyon da ke fili giris ake shafa masa, amma a garin da iskar hunturu ke shigo da ƙura har cikin kwanon abinci, giris da rairayi idan suka haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa. Saboda haka murfin kwano ba ƙawa ba ne, kuma yana da aiki na biyu da ya fi wannan: a wurin niƙa da matsar mai mata ne ke sunkuyawa da mayafi da hijabi, maza da hannun babbar riga, kuma sandar da ke juyawa a hankali da ƙarfin niyuton-mita 220 ba ta tsayawa don ta kama tufa.

Kafin a ba inji wuta, a yi gwajin ƙarshe da hannu. A sa alli a kan sandar shiga da ta fita, a sa wata alamar a jikin akwati daura da kowace, mutum ɗaya ya riƙa juya sandar shiga yana ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya kuma ya zuba ido a kan ta fita. A injin matan ƙuli-ƙuli, allin sandar fita ya kamata ya dawo wurinsa daidai lokacin da mai ƙirga ya ce ashirin da huɗu, kuma ya juya ɓangaren da sandar shiga take juyawa tunda wuraren cizo biyu ne. Idan ya dawo a ashirin ko a talatin, a koma kan takarda a sake ƙirga haƙora. Idan kuma hannu ya ji wani wuri guda yana cijewa a kowane zagaye, sanda ce ta lanƙwashe ko ramin pinyon bai zauna a tsakiya ba, kuma a nan za a tsaya a gyara kafin a kira mai wuta.